60 ya kamata, 40 na gani

Talata.

Da safe lafiya lau. Har 'yar waƙa nake yi a ɗakin fanel, don sabon sensan zafi ya zauna daram a kan miliamfiya 4 zuwa 20, wato ƙarfin wutar da yake aiko awonsa da shi. Ina son tsarin nan. Ko awo ya sauka ƙasa ƙwarai, 4 zai ba ka, saboda haka da ka ga sifili ka san waya ce ta tsinke.

Bayan ƙarfe ɗaya sai inbatocin can ƙarshen layin marufi, masu sarrafa gudun injina, suka fara ɓacewa daga PLC, kwamfutar da ke ba su umarni. Su amsa, su yi shiru, su sake amsawa. Da Modbus suke magana da ita, wato tsarin aika saƙo tsakanin na'urori. Oga ya zo ya tsaya a kaina, hannu cikin aljihu.

"Injiniya, ai na sha faɗa maka. Modbus ɗin nan tun 1979 ake abu ɗaya. A cire shi kawai a ja Ethernet."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in auna tukuna."

Na kashe wuta, na ɗora maltimita tsakanin A da B, wayoyi biyu na layin RS-485 da Modbus ɗin ke bi. Layin RS-485 rezista biyu yake so, kowacce om 120, ɗaya a farkonsa ɗaya a ƙarshensa, don kada sigina ta bugi bakin waya ta dawo kamar amsa-kuwwa. Idan biyu ne, 60 za ka gani. Ni 40 na gani. Uku ke nan. Muka bi fanel-fanel, sai ga rezista ta ukun a inbatar da 'yan kwangila suka ƙara a tsakiya, sun bar ɗan makunninta a kunne. Lodi ya yi wa layin yawa, sigina ta yi rauni, ga hayaniyar wutar inbatoci, na nesa ne suka fara shan wahala. Da bakin sukundireba na kashe makunnin. Kowa ya dawo.

Oga ya dubi allo ya ce, "To, yau ka cece shi. Gobe fa?" Ya juya.

Maganar nan ce ta tsaya mini a rai har yanzu, kuma fa yana da gaskiyarsa. A Modbus RTU na'ura ɗaya ce ke tambaya, saura kowa ya jira a kira lambarsa, mu kuma a gudun bit 9600 a daƙiƙa muke rarrafe. Babu kalmar sirri, babu ɓoye saƙo, duk wanda ya samu wayar zai iya ba inji umarni. EtherCAT kuwa, tsarin da ke bin wayar Ethernet wanda kamfanin Beckhoff ya fito da shi a 2003, saƙo ɗaya ke ratsa na'urori duka, kowacce ta ɗebi nata ta zuba nata ba tare da ya tsaya ba. Na sani sarai. Amma layin RS-485 da Oga yake rainawa yana kai kusan mita 1200 a kan murɗaɗɗun wayoyi biyu idan ba gudu ake nema ba, Ethernet na tagulla kuwa a mita 100 yake neman suwic, na'urar da ke haɗa wayoyin ta ƙara masa nisa.

Abin da ya fi ci mini rai, bai tambayi mene ne ya lalace ba. Ko sau ɗaya. Yaron nan mai koyon aiki ma, ina auna waya yana can ya buɗe laftof yana sauya lambobin na'urori, ko ɗago kai bai yi ba da na ce 40.

Na liƙa takarda a fanel ɗin: kada a kunna wannan makunni.

Kai na ciwo. Gobe zan kai wa Oga lissafin suwic nawa za a buƙata daga ɗakin fanel zuwa marufi. Shi ya nema.