Keken ɗinkin da ya dace da ɗakin matar ƙauye

Makon jiya ƙanwar maigidana ta shigo da wayarta tana nuna mini hoton wani farin keken ɗinki, ɗan ƙarami, mai fitila da maɓallai. Ta ce, "Yaya, ƙarshen wata ni ce da kwasar adashe, wannan nake so." Na karɓi wayar na daɗe ina kallo, don irinsa ne sak na fara saya, kuma har yau yana saman kwabata a cikin kwalinsa. Abin da na faɗa mata a tsakar gida shi zan maimaita a nan, saboda na san akwai mata da yawa a ƙauyukanmu masu wannan niyya.

Ni ba tela ba ce, ba ni da shago, ba na karɓar ɗinkin Sallah. 'Ya'yana biyar, kuma duk mai yara ta san yadda wando yake ɓarkewa a gwiwa, yunifom ya yage a hammata, zanin gado ya buƙaci kalmasa. A garinmu da ke ƙasar Taura, kafin ki kai faci wajen tela ki dawo, kuɗin acaɓa ya ninka kuɗin facin. Wannan ne ya sa na nemi keke: labule, rigar filo, hijabin 'yan mata, siket ɗin atamfa, sai gyare-gyare.

Farin keken nan ya yi mini kyau a ido, kuma da farko ya yi ɗinki mai kyau. Matsalarsa ta farko wuta. Mukan yi mako ba mu ga ƙyallinta ba, in ma an kawo sai tsakar dare. Maigida yakan tayar mini da janareta jefi-jefi, amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ni da kaina na daina tambaya, don ba zan ƙona litar mai a kan facin wando ba. Ta biyu kuwa ita ta kashe shi. Wata rana ina kalmasa ƙafar wandon jins na babban ɗana, da allura ta hau kan wurin da yadin ya ninku, sai na ji ƙas daga ciki. Injin yana kuka, allura ba ta motsi.

Ran Lahadi muka kai shi kasuwar Gujungu wajen wani dattijo mai gyaran kekuna. Ya kwance marfin, ya zaro wani ɗan abu fari kamar murfin kwalba, haƙoransa biyu sun guntule, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "'Yata, roba ce. Wannan ko a Kano sai an dace." Sai ya jawo wani tsohon kan keke baƙi daga ƙarƙashin teburinsa, fentinsa duk ya goge a inda hannu yake taɓawa, ya kifa shi ya nuna mini cikinsa. Ƙarfe ne zalla, sanduna da ƙusoshi, babu abin da ido ba ya gani. Ya ce in juya wilin. Na juya sau ɗaya na saki, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai da wata ƙara mai laushi, cak-cak-cak. A nan zuciyata ta kwanta.

Shi ne Butterfly ɗin da iyayenmu suka sani, wanda ake jerawa amare a ɗaki. Daga Shanghai ta ƙasar Sin ake ƙera shi, amma tsarin cikinsa na Singer ne, kamfanin nan na Amurka da Isaac Singer ya kafa bayan ya yi rajistar kekensa a 1851. Samfurin da ake kira Singer 15, wanda ya fito tun kafin 1900, shi kamfanoni da yawa suka kwaikwaya. Amfanin wannan a wajenmu babba ne: bobin (ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa), gidan bobin, allura, bel, duk kusan iri ɗaya ne tsakanin baƙaƙen kekunan nan, ko Butterfly ne ko Two Lion ko tsohon Singer. Akan same su a wajen masu tireda da ke sayar da zare a kasuwar ƙauye. In abu ya lalace da safe, kafin la'asar an gyara.

Ban ce duk keken lantarki banza ba ne. Akwai nagartattu, irin na Brother da Janome, masu zigzag da ramin maɓalli, kuma matar da ke birni ko take da sola mai ƙarfi za ta more su. Ni dai tambayata biyu ce kafin a zare kuɗi: da me zai yi aiki a gidanki, kuma wa zai gyara shi a kusa da ke? Babban keken teloli kuwa, irin Juki na Japan, mai kwanon mai a ƙasa, akwai wanda ke yin sama da ɗinki 5,000 a minti ɗaya. Na shago ne, allurarsa ma daban ce. Mai ɗinka wa 'ya'yanta ba ta bukatar wannan gudun.

Sai zaɓi tsakanin na hannu da na ƙafa. Kan ɗaya ne, bambancin abin da ke juya shi. Na hannu ya fi araha, kina zaune a tabarma kina aiki, kin gama ki tura shi ƙarƙashin gado. Amma hannunki na dama yana kan juyawa, na hagu kaɗai ke riƙe yadi, kuma a dogon ɗinki irin labule layin yakan karkace. Na ƙafa yana sakar miki hannu biyu. Koyon taka shi yakan ɗauki 'yan kwanaki, don da farko wilin yana komawa baya ya tsinke zare. Ni sai da na yi kwana uku ina taka shi babu zare, a kan takarda, kafin ƙafata ta saba. In kuɗin bai kai ba, ki sayi kan da abin juyawar hannu, baɗi ki ƙara teburi. In Allah ya kawo wuta ma, ana ɗaura masa ɗan inji a baya. Ki dai lura da teburin, don na yanzu da yawa garin katako ne aka matse, damina ɗaya in ɗaki yana yoyo sai ya kumbura.

Inda nake so ki fi ba ni hankalinki shi ne gwaji. Kada ki yarda da ƙyallen da mai sayarwa ya ajiye a ƙarƙashin allura, wannan kowane keke zai ɗinka shi. Ki tafi da naki: guntun atamfa, guntun shadda, ƙafar tsohon jins, da ɗan yankin yadin hijabi mai talewa. Ki ninka atamfar huɗu ki bi ta kai. Ki juya bayan ɗinkin ki duba da kyau. Ya kamata sama da ƙasa su zama iri ɗaya, ɗinki a jere kamar haƙoran masara. In kika ga zare ya yi kumbo-kumbo a ƙasa, yawanci zaren sama ne bai ɗaure ba, ana iya saita shi nan take. In an saita ya ƙi, ki bar keken. Ki kama sandar da ke riƙe allura ki girgiza, in tana rawa keken ya ci duniya. Ki gwada komawa baya. Ki ɗaga kan ki ji nauyinsa, don akwai jabu, akwai kuma tsofaffin da aka fesa wa sabon fenti aka manna musu tambari. Tsohon da bai ɓoye tsufansa ba ya fi mini su. Nawa ma tsoho ne, wanda dattijon nan ya nuna mini, na haɗa kuɗin akuya ɗaya da ɗan abin da na tara na ɗauko shi.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba, baƙin keke miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya. Ba ya zigzag, ba ya wibin (ɗinkin da ke kame bakin yadi kada ya warware), ba ya surfani. Bakin yadi ko dai ki kai wa mai wibin ran kasuwa, ko ki yi yadda nake yi: ki ɗinka ta waje siriri, ki juya, ki sake bi ta ciki, sai bakin ya ɓuya. Yadin hijabi mai talewa kuma yakan sa shi tsallake. Akwai allura ta musamman mai dakusasshen baki da ake samu a Kano, in babu ita nakan shimfiɗa takarda a ƙasan yadin in ɗinka tare, in yage ta daga baya. Allura ma da lambarta: 14 ga atamfa, 16 ga shadda da zanin gado, 18 ga jins. Rabin abin da mata ke cewa keke ya lalace, allura ce ta lanƙwashe ko aka saka ta a juye.

Mai kuwa, don Allah man keke. Na ga wadda ta ɗiga wa nata man gyaɗa, bayan wata biyu ya daskare ya zama danƙo, sai da aka wanke cikin da kananzir. In hunturu ya kama, ƙura tana shiga ko'ina, nakan cire farantin da ke ƙarƙashin allura duk Juma'a in share haƙoran da ke jan yadi da tsohon buroshi, in ɗiga mai, in rufe shi da zani.

Ƙanwar tawa ta yi shiru, sai ta ce, "To Yaya, ai baƙin nan kamar na tsofaffi." Na tashe ta na zaunar da ita a kan nawa, na ba ta tsohon zanin gado ta taka. Layin farko ya karkace, na biyu ya ɗan miƙe, kafin a kira magariba ta kalmashe gefe biyu ta ƙi tashi. Mun yi da ita ran Lahadin da ta kwashi adashen za mu shiga Gujungu tare, kuma jiya na ga ta fara tara ƙyallaye a leda.