Daga Katsina zuwa Daura: 'yan filaye sun riga jirgi isowa

Bikin 'yar yayata ne ya kai ni Daura, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba daga Katsina. Da sassafe na samu Sharon a tasha, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya. Muka fita ta hanyar filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, muka miƙe gabas.

Tun ba mu yi nisa ba na lura gonakin da na sani da gero da wake sun canja kama. An kakkafa turakun siminti, an yanka su fuloti-fuloti, wani wurin an zuba yashi, wani an ja katanga babu gida a ciki. Dattijon da ke gefena ya ga ina ta leƙe, ya ce, "Malam, fili kake so? Sana'ata ke nan." Dillalin filaye ne. A faɗarsa, yanzu duk mai saye tambaya ɗaya yake fara yi: ina nisansa da tashar jirgin ƙasa? Direba ya yi dariya ya ce sun riga malam masallaci, tun da ko ƙarar jirgin ba a ji ba tukuna.

Layin dogon da suke magana shi ne na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke aikin, kuɗinsa ya kusa dala biliyan 2. Zai taso daga Kano ya bi ta Ɗambatta da Kazaure, ya shigo Daura, ya zo Katsina, ya wuce Jibiya sannan ya tsallaka Nijar. Da muka kusa Mashi muka yi ta gamuwa da tifofi ɗauke da jar ƙasa, ƙura ta turnuƙe har direba ya rage gudu.

Ban ga laifin masu sayen ba, domin tarihi yana bayansu. Jirgi ya isa Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya cika garin da baƙi, Sabon Gari ya bunƙasa. A jiharmu ma ga Funtuwa. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ne ya ɗaga ta, ta zama matattarar auduga da ma'aikata daga ko'ina. Na kwanan nan kuwa, wanda ya san unguwar Rigasa da ke Kaduna kafin a buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016 ya san yadda masu Keke Napep da masu abinci da masu ɗakunan haya suka yi wa tashar zobe.

Sai dai akwai abin da na faɗa wa dattijon nan, har yanzu kuma ina kan bakana. Funtuwa ta girma ne saboda akwai audugar da za a loda. Tasha ita kaɗai ba ta ba kowa aiki. Idan jirgi zai wuce sau ɗaya a rana a kan kuɗin da sai mai hali, to turakun nan za su daɗe a tsaye babu gini. Abin da zai canja rayuwar yankin nan shi ne jirgin safe da na yamma a farashin da malamin firamare zai iya biya, ta yadda mutum zai kwana a Mashi ko Daura, ya yi aikinsa a Katsina, ya dawo ya ci tuwon dare da iyalinsa, ba tare da ya kama haya a birni ba. Sannan a samu rumbunan ajiya da wurin lodi kusa da tasha, don dabbobin kasuwar Mai'aduwa da riɗi da waken manomanmu su samu hanyar fita. Nan ne aikin yake: 'yan dako, makanikai, masu awo, masu gadi, masu sayar da abinci. Mutanen Jibiya sun ɗanɗana abin da rufe boda ya jawo a 2019 da kuma 2023, sun san ciniki da Maraɗi shi ne numfashin garinsu.

Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Amma mu dai namu sayarwa."

Mun shiga Daura da hantsi. Wanda ya daɗe bai zo ba zai ga garin ya faɗaɗa sosai. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a ƙarshen 2019, ɗalibai daga jihohi daban-daban suna neman ɗakin haya. Cikin gari kuwa, wajen rijiyar Kusugu da fadar Sarki, lungunan nan suna nan yadda na san su. Abin da ya dame ni sabbin unguwannin ne: gidaje na tashi babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, hanya da ƙyar mota ɗaya ta wuce. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, don haka hukuma na da ikon fitar da tsari a kewayen kowace tasha tun yanzu, kafin gini ya cika wurin a koma maganar rusau.

Da dare, bayan an watse daga wajen biki, mijin yayata ya ja ni gefe. Yana da gonar gado a bayan gari, dillalai sun dame shi, kuɗin da suka taya kuma ya isa ya biya bashin bikin nan har ya sayi babur. Na ce, "Yaya, in dai dole ne, ka yanki gefe ka sayar, ka nemi takardar mallakar sauran. In jirgin ya zo, 'ya'yanka su zama masu shago a wurin, kada su zama 'yan haya a gonar kakansu." Ya ce ƙannensa mata biyu suna da rabo a ciki, ba zai yanke komai ba sai ya zauna da su bayan an cire amfanin bana.