Sule 20 na Hampden da babina na uku

An sa hannu a kundina na digiri na biyu, saboda haka yanzu bakina ya buɗe. Duk wanda ya zauna a sashen tarihi ya san abin da ke samun ɗalibin da ra'ayinsa ya saɓa wa na mai duba aikinsa.

Na yi rubutu ne a kan takun-saƙar majalisar Ingila da Sarki Charles na Ɗaya. Malam so yake in nuna 'yan majalisar gwarazan dimokuraɗiyya ne masu kare talaka. Ni kuwa duk inda na leƙa, kuɗi nake gani. Sarki ya sallame su a 1629, ya yi shekara 11 bai neme su ba. Ya ɗauko harajin jiragen yaƙi, wanda a da garuruwan bakin teku ke biya, ya ɗora wa ƙasa baki ɗaya. John Hampden, attajiri mai filaye, ya ƙi biyan sule 20. Da aka je kotu, alƙalai 7 suka ba sarki gaskiya, 5 suka ƙi. Ba kunya ce ta sa Charles ya kira majalisa a 1640 ba, yaƙi da 'yan Sikotland ne ya ƙarar da aljihunsa. Ƙarfin 'yan majalisar ke nan: ba ya samun sabon haraji cikin sauƙi sai da yardarsu. Talakan da Malam ke magana kuwa, a gundumomi sai mai filin da ke kawo sule 40 a shekara ne ke jefa ƙuri'a.

Malam ya bi babin da jan biro, ya ce na raina masana. Na tuna masa, cikin ladabi, cewa sojoji sun tace majalisar, suka fitar da wakilan da ba sa so, a Disamba 1648 kafin a sare kan sarki a Janairu 1649, kuma Oliver Cromwell, jagoran sojojin, ya kori ragowarta a 1653. Ya ce, "Kai ne za ka koya mini?" Kundin ya kwanta a ofishinsa har abokan karatuna suka tafi suka bar ni.

Daga baya na ji hujjar nan tawa a bakinsa a wani taron ƙara wa juna sani. Ko sunana bai ambata ba. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Ga na baya: ku karanta takardun asali da kanku. Kada ku yi musu da mai duba aikinku a gaban wasu ɗalibai. Kowane babi kuma ku tura ta imel, kwanan wata ya zauna a kansa.