Kai-komon Auta

Laraba. Ƙura tun asuba, rana kamar faifan azurfa.

Da na leƙa gida bayan la'asar, na tarar Auta na kai-komo tsakanin randa da zaure. Ya zauna kan tabarma ƙafa na rawa, bai cika minti biyu ba ya miƙe. Inna ta ja ni gefe. "Ka gani ko? Ciwon ya taso. A ƙara masa ƙwaya ɗaya da dare."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kada a ƙara ko rabi."

Kwana 9 ke nan da yi masa allurar haloperidol ta wata-wata, maganin sikizofireniya, ciwon taɓin hankalin da yake fama da shi, kuma an ɗaga masa adadi. Shi kansa maganin yana kawo wannan rashin zama, ƙarinsa kuwa zuba fetur ne a wuta. In sikizofireniya za ta taso masa, barci ke fara gudu, sai ƙunƙuni shi kaɗai, sai zargin an sa masa wani abu a tuwo. Shi ko yana kwanciya ƙarfe 10 har kiran salla, jiya ya cinye kwanonsa tas. Na tambaye shi ko muryoyin sun dawo. Ya ce, "A'a Yaya, ƙafafuna ne suka ƙi zama."

Gobe sai wajen likita. Ko ya rage adadin, ko ya haɗa da propranolol, ƙwayar da ke rage wannan rashin zama. Inna ta ce a aiki yaro kasuwa ya sayo Artane. Na hana. Wannan ya fi aiki ga sanƙarewar jiki da rawar hannu, ga shi ƙwayar ƴan tebur ba ka san me ke cikinta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai: da a wani gidan ne, da yanzu an ce iskokai sun motsa, an ɗauko mari. Kan ƙafa kawai.

Wanka dai ya yi. A ajiye bokiti da sabulu a ce "ga ruwa", ba a jera masa umarni uku a tare. Ya ɓare gyaɗa rabin tiya, a tsaye.

Na rubuta ranar allura ta gaba a bayan ƙofa, saura kwana 19. Inna ba ta yarda da ni ba, na gani a idonta. Robar maganin tana aljihuna.