Godiya ga waɗanda suka sauko da ni daga Kilimanjaro

Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha ɗaya da dawowata gida, kuma sai yanzu ƙirjina ya sake ni har na iya zama in rubuta wannan. Da yawanku kun ji labarin rashin lafiyar da ta same ni a kan dutsen Kilimanjaro a gutsure, wasu ma cewa aka yi da su na rasu. Ina nan da raina, alhamdu lillahi, kuma akwai mutanen da godiyarsu ke wuyana.

Shekara uku na yi ina shirin wannan tafiya. Na fara da duwatsun Shere na Jos, daga baya na hau Chappal Waddi a jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419. Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya kuwa mita 5,895 ne, kuma a ƙololuwarsa abin da huhu ke samu a kowace shaƙa kusan rabin na bakin teku ne. Mun bi hanyar Machame ta kwana bakwai. Tun a zangon Karanga tari ya kama ni, na ɓoye, don ina tsoron a ce in koma. Wannan laifina ne ni kaɗai. Daga zangon Barafu muka tashi da tsakar dare, kowa da fitila a goshi, sanyi ya daskarar da ruwan da ke gorata. Kafin mu kai Stella Point, wani wuri da ke dab da ƙololuwa, na tofar da wani kumfa mai ja-ja a kan safar hannuna.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga jagoranmu take. Mutumin nan mako guda yana ce mana "pole pole", wato sannu sannu da Swahili, amma da ya haska safar nan, ya maƙala mini 'yar na'urar awon iska a yatsa, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce ruwa ne ke taruwa a huhuna, kuma maganinsa sauka, yanzu. Na roƙe shi, na ce saura kaɗan, na ce masa kuɗin da na tara shekara da shekaru ne. Bai yi gardama da ni ba. Ya karɓi jakata ya rataya, ya riƙe damtsena, ya juya ni. A daren na ji haushinsa ƙwarai. Yau ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Sai 'yan dako shida da suka ɗaure ni a kan wani gadon ƙarfe mai taya ɗaya, suka gangaro da ni ta hanyar Mweka cikin duwatsu da laka. Waɗannan bayin Allah su ne ke ɗaukar kaya har kilo 20 a ka su riga mu isa zango su kafa tanti, wasunsu da takalman da ba za mu yarda mu sa ba. Ɗaya daga cikinsu Musulmi ne, da ya ji ina salati sai ya riƙa amsa mini, ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe mini ƙafafu. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin da na kwana uku a Moshi, garin da ke gindin dutsen, da 'yan'uwan masallacin da ke kusa da suka kawo mini shayi da abinci ba su taɓa ganina ba.

Tun da na dawo, kusan duk wanda ya zo dubiya sai ya yi mini tambayar da Hajiyarmu ta yi tun kafin in tafi: "Me ka ajiye a can?" Malaminmu ma ya tunatar da ni aya ta 195 a Suratul Baƙara, da ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Na karɓi nasiharsa hannu bibbiyu. Abin da zan iya faɗa shi ne, na yi sallar asuba da taimama a sama da gajimare, fitilun Moshi na ƙyalli can ƙasa kamar an watsa gero, ba ƙarar komai sai numfashina, kuma ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban Ubangiji kamar a wannan lokacin ba. Wanda ya ɗanɗana wannan yakan so ƙari. Sai ya riƙa gaya wa kansa cewa ya yi shiri, ya san iyakarsa, hatsarin na wasu ne.

Na san labarin Rob Hall, jagoran nan ɗan New Zealand da ya maƙale kusa da ƙololuwar Everest a watan Mayun 1996, aka haɗa shi da matarsa ta waya tana da ciki wata bakwai, suka yi sallama ya rasu a can. Na san na Alison Hargreaves, 'yar Ingila da ta rasu a dutsen K2 a 1995 ta bar yara biyu ƙanana, jaridu suka yi ta zarginta a matsayinta na uwa, zargin da ba a cika yi wa iyaye maza ba. Ɗanta Tom Ballard shi ma a kan dutse ya rasu, Nanga Parbat, a 2019. Duk na karanta su ina kallon mai hawan. Ban taɓa tsayawa na kalli wanda aka bari riƙe da waya ba, sai da aka kira uwargidana daga baƙuwar lamba, da Turancin da ba ta gane rabinsa ba.

Maman yara, ke ce ƙarshe a wannan rubutu don taki ta fi nauyi. Kafin in tafi na biya basussukana, na rubuta wasiyya na damƙa miki, na ɗauka na sauke hakki. Ashe kaya na ɗora miki. Kin kwana biyu ba ki gaya wa Hajiya ba saboda hawan jininta, kin shirya yara makaranta kina murmushi, kika shiga ɗaki kika yi kukanki. Da na iso ba ki ce mini "ai na faɗa" ba. Ruwan zafi kika haɗa mini, kika ce, "Maigida, nan gaba ka tambaye ni tukun, kar ka zo kana sanar da ni." Na yi miki alkawari a gaban jama'a: ko zan sake hawa ko ba zan sake ba, ba ni kaɗai zan yanke ba. Ki yafe mini.

Yayana da ya ari kuɗi ya taho Moshi ya raka ni gida, maƙwabta da suka tsaya wa iyalina, abokan aiki da suka riƙe mini aikina, Allah ya saka muku da alheri. Gudunmawar da kuka haɗa ta yi saura bayan kuɗin asibiti, kuma da izininku na aika wa 'yan dakon nan shida su sayi takalma da rigunan sanyi. Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi addu'a a gida, muna gayyatar kowa.