Hancin nan ba shi da layi

Kusan duk mai fara zanen fuska abu ɗaya yake yi, ya ja layin ido, ya ja na hanci, ya ja baki, sannan ya zauna yana mamakin me ya sa fuskar ta ƙi yin rai. Ni dai abin da ya wayar min da kai shi ne kwaikwayon zanen Vermeer na ƙasar Holan, yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u da ɗankwali shuɗi, wanda ya yi wajajen 1665. Dan Allah ku nemo shi a salula ku maida shi baƙi da fari ku dubi hancinta da kyau. Wallahi gefen da haske ya bugo babu layi ko ɗaya, hancin ya saje da kumatu, inuwar ɗaya gefen ce kawai ke gaya maka akwai hanci a wurin.

To haka nake bi yanzu, in ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace sai duhu da haske su rage, in fara da gawayi in cike bayanta baƙi ƙirin, sannan inuwar wuya da gefen fuska, ido kuwa sai can ƙarshe duk da hannu na ƙaiƙayi. Gawayi ne farko fa, don in kireyo, wato fensir, ya riga shi takarda ta yi santsi baya kamawa, kuma kireyo mai lamba 6B, mai laushi da duhu, in ka danne shi ƙyalli yake yi maimakon baƙi. HB da 2B, da ba su kai shi duhu ba, su nake sa wa fata a hankali ina murzawa da auduga. Hasken leɓe da na ɗan kunne kuma ba zana su ake ba, da gom mai laushi ake ɗauke baƙin a wurin.

Gawayin girki na kasuwar Dole ma yana yi in ka zaɓi mai laushi, mai tauri karce takarda yake. Da zafin Damagaram kuma sai ka sa wata takarda ƙarƙashin hannu, in ba haka ba gumi ya ɓata maka aiki.

Masu ce min kwaikwayo sata ne, Van Gogh kansa, shahararren mai zane, da kwafar zanukan koyon zane na Charles Bargue ya koyi hannu a 1880. Ni dai ina rubuta sunan Vermeer a ƙasan takardata, kuma gaba fuskar da Rembrandt, shi ma mai zanen Holan, ya zana nake son gwadawa saboda inuwarsa ta fi nauyi.