Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwanakin da Ke Tsakanin Wasa da Wasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a daidai inda na shiga sana'ar haɗa dandamali a Turai. Kafin labari ya yi gaba, dole sai kun san yadda aikin yake, in ba haka ba abubuwan da za su biyo baya ba za su zauna muku ba. Don haka wannan makon na aikin ne zalla, kuma zan kafa misali da rangadin da kowa zai iya dubawa da kansa: wanda ƙungiyar Rolling Stones ta yi a Turai a bazarar 2022, na cikarta shekara 60.

Ga yadda aka tsara farkonsa: Madrid ranar 1 ga Yuni, Munich ranar 5, Liverpool ranar 9, Amsterdam ranar 13, Bern ranar 17, Milan ranar 21. Mai kallo yana duba ranar wasa ne. Mu kuwa abin da muke dubawa shi ne kwana huɗun nan da ke tsakani, domin a cikinsu aikin yake. Dalili ɗaya na tazarar a fili yake: mawaƙin ƙungiyar Mick Jagger da mai kaɗa jita Keith Richards duk suna da shekara 78 a lokacin, ɗaya mai jitar, Ronnie Wood, ya cika 75 a ranar wasan Madrid, kuma maƙogwaron da ya yi awa biyu yana waƙa a filin ƙwallo yana son hutu. Ɗaya dalilin ƙarfe ne da tirela.

Me ya sa sai bazara? Kakar ƙwallon Turai tana ƙarewa a watan Mayu, ta dawo a Agusta. Makonnin da ke tsakani su ne lokacin da kulob zai yarda ya ba da filinsa haya, kuma a cikinsu kowace babbar ƙungiya take son yin nata rangadin. Saboda haka ake wawason fili, ake wawason tirela da direba da janareta, har da leburori. Wanda bai kama nasa tun hunturu ba zai biya ninki, ko ya rasa.

Kayan rangadi kashi biyu ne, kuma wanda bai raba su a kansa ba ba zai gane komai ba. Akwai ƙarfe, wato ginshiƙai da rufi da daɓen dandamali da hasumiyoyin lasifika. Akwai kuma kayan wasa: lasifika, fitilu, allunan bidiyo, teburan sauti, jitoci da ganguna. Ƙarfe yana cin kwana uku zuwa huɗu kafin ya tsaya, sai kamar kwana biyu a kwance shi. Kayan wasa kuwa a rana ɗaya ake shigar da su, a fitar da su cikin 'yan awanni bayan an tashi. Ka ga kenan ƙarfe ɗaya ba zai iya bin jadawali irin wancan ba. Sai a yi biyu ko uku iri ɗaya, suna tsallake juna: ana wasa a kan na farko a wannan gari, na biyu yana tashi a gari na gaba, na uku yana kan hanya. Haka ƙungiyar mawaƙa ta U2 ta yi da katafaren dandamalinta a rangadin 2009 zuwa 2011, guda uku aka ƙera. Kayan wasa su ne guda ɗaya tilo, su suke bin mawaƙa duk inda suka sa ƙafa. Tsarin ya yi kama da na ayarin fatake: jagaba ya yi gaba ya kama zango, madugu ya taho da kaya.

Yanzu mu hau hanya. Tirelar Turai tsawon bodinta mita 13.6 ne, kuma an ɗaure injinta kada ta wuce kilomita 90 a awa. A Jamus ma 80 doka ta ba ta. Dokar Tarayyar Turai ta ce direba ya yi tuƙin awa 9 a rana, ana yi masa rangwamen awa 10 sau biyu a mako, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya tsaya minti 45. A mako ba zai wuce awa 56 ba, a mako biyu awa 90. Akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta kowane minti, 'yan sanda suna duba ta a bakin titi, ba a yi mata dabara. Daga Madrid zuwa Munich kusan kilomita 2,000 ne. Da direba ɗaya kwana uku kenan cur, alhali ana son kayan su iso kwana ɗaya kafin wasa. Maganin shi ne direba biyu a mota ɗaya, ko a tura wani ta jirgi ya tare ta a tsakiyar hanya. Kuɗi ne, amma ya fi arha a kan filin da ya cika da mutane babu lasifika.

Sai ranakun da aka hana manyan motoci tafiya. A Jamus, motar da ta haura tan 7.5 ba ta hawa titi ranar Lahadi da ranakun hutu daga sha biyun dare zuwa ƙarfe goma na dare. Wasan Munich ya faɗo ranar Lahadi, washegari kuma hutun Kirista ne da dokar ta shafa. Rana irin wannan sai an nemi izini na musamman tun da wuri, in an manta kuwa a loda kaya tsaf a zauna ana kallon agogo. Suwizalan ta fi tsauri, domin ban da Lahadi, ta hana su tafiyar dare daga goma zuwa biyar na asuba.

Daga Munich zuwa Liverpool akwai teku, kuma tun farkon 2021 akwai kwastan, saboda ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Kaya suna wucewa ne da takardar da ake kira ATA Carnet, wadda ke aiki shekara ɗaya. A cikinta ake jera kowane abu da lambarsa da nauyinsa da kuɗinsa da ƙasar da aka ƙera shi, a buga mata hatimi a fita, a buga a shiga. Alkawarin shi ne duk abin da ya shiga zai fita. In makirfo ɗaya ya lalace, ba a jefar da shi, a akwati zai ci gaba da tafiya, don jami'i na iya cewa a buɗe a nuna masa. In direba ya wuce ofishin bai samu hatimi ba, watanni bayan haka takardar neman haraji za ta iso kamar an sayar da kayan. Abubuwan da ke ƙarewa, irin su batir da salatif da rigunan sayarwa, ba sa shiga wannan takarda, hanyarsu daban. Mutane ma da nasu lissafi: Ba'amurke ko ɗan Birtaniya kwana 90 yake da shi cikin kowane 180 a yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen kan iyaka a tsakaninsu, kuma na ga ƙwararru da aka bari a gida don sun ƙone kwanakinsu a rangadin baya.

A fili, abu na farko shi ne ciyawa. Ana shimfiɗa mata faifan roba masu huda inda jama'a za su tsaya, da na alminiyam inda motar ɗaga kaya za ta bi. Da asubar ranar shigar da kaya, masu rataya ne ke fara aiki. Su auna daɓe, su yi alama da alli a duk inda sarƙa za ta sauko, su hau rufi su ɗaura injinan sarƙa masu ɗaukar tan ɗaya ko biyu. Kowane gurbi da nauyin da injiniya ya rubuta masa. Kuskuren taku ɗaya a nan yana nufin allon bidiyo ba zai haɗu da ɗan'uwansa ba, a sauke a sake, kowa ya tsaya jira. Bayansu fitila, sai bidiyo, sai sauti, kayan kiɗa a ƙarshe. Ana loda tirela ne da wannan jeri a kai: abin da za a fara buƙata gobe shi ne a bakin ƙofa.

Wuta ba a dogara da ta filin. Ana zuwa da janareta biyu-biyu a haɗe, ko wanne zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai idan ɗaya ya mutu. Na sauti daban, na fitila daban, don kada ƙugin fitila ya shiga lasifika. Turai tana kan bolt 230 da zagaye 50 a daƙiƙa, Amurka 120 da 60. Yawancin kayan zamani ba ruwansu, amma tsofaffin kayan da makaɗan rok ke ƙauna suna da ruwa: tsohuwar ogan ta Hammond, abin kiɗa mai kama da piyano, da wannan zagayen wuta take saita muryarta, in ka ba wa ta Amurka wutar Turai kai tsaye, duk sautinta zai faɗi ƙasa. Wayar ƙasa kuwa, wadda ke janye wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa don kada ta ja mutum, batun rai ne. A Disamba 1965 wuta ta ja Keith Richards a Sacramento lokacin da jitarsa ta taɓa sandar makirfo, ya faɗi sumamme. A 1972 Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a dandamali a Swansea ta irin wannan hanya. Shi ya sa ake gwada tsakanin kowane makirfo da kowace jita da na'urar awon wuta kafin mawaƙi ya matso.

Wurin da na fi so in daɗe shi ne sauti, don nan ne aka fi zaluntar mai tikiti mai arha ba tare da ya san dalili ba. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20. Filin ƙwallo ya fi ƙarfin lasifikan gaba, don haka ake kafa wasu hasumiyoyi a tsakiya da baya. Amma saƙon da ke bin waya yana isa hasumiya nan take, shi kuwa sautin da ya taso daga dandamali ta iska sai ya yi kusan kashi 290 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya ci mita 100. In ba a jinkirta hasumiyar daidai wannan ba, na baya zai ji kowane bugun ganga sau biyu, kalmomin waƙa su cakuɗe. Ana aunawa a saita da rana, to amma ga tarkon: da rana a digiri 32 sauti yana gudun kusan mita 351, da dare a digiri 18 ya koma 342. Bambancin kamar kashi 7 cikin dubu ne a mita 100, kuma ya isa ya dusashe murya. Ga shi an gwada a fili wayam mai amsa-kuwwa, da dare kuma jikin mutum dubu hamsin ya shanye sautin, ya ɗumama iskar ƙasa. Injiniyan kirki ba ya zama a tebur bayan waƙar farko. Yana zagaya fili da kwamfutar hannu, ya hau har kujerun sama, yana gyara. Wanda bai yi haka ba, a ganina, bai cika aikin da aka biya shi ba, domin na can sama shi ma kuɗi ya biya.

Iska ita ce abin tsoro. Rufi da labule da allon bidiyo duk suna tare ta, kuma guguwar bazarar Turai ba ta sallama. Ana ɗaura ma'aunin iska a saman rufi, a rubuta tun da wuri: a gudu kaza a yanke labule, a kaza a sauke allo da lasifika, a kaza a kwashe jama'a, da sunan mutum ɗaya mai ikon cewa a tsaya. A Agusta 2011 dandamali ya rufto a baje kolin jihar Indiana, mutum 7 suka rasu. Kwana biyar bayan haka guguwa ta kashe mutum 5 a bikin Pukkelpop na Beljiyam. Turmutsitsi ma haka: mutum 9 suka mutu a Roskilde ta Denmark a 2000, ƙungiyar Pearl Jam na kan dandamali. Tun daga nan aka ƙara ƙaimi wajen raba gaban fili gida-gida da shinge, da barin hanya a tsakiya don masu ciro wanda ya galabaita.

Lokacin tashi ba a roƙo a kansa. A Hyde Park ta Landan, inda Stones suka yi wasa ranar 25 ga Yuni da 3 ga Yuli, unguwar masu hali ce ke kewaye, kuma a nan aka kashe wa Bruce Springsteen da Paul McCartney makirfo a Yuli 2012 don sun zarce.

Duk wannan tsari ya rataya ne a kan lafiyar mutum ɗaya. Ranar 13 ga Yuni, an gama haɗa komai a filin Johan Cruijff na Amsterdam, jama'a sun fara shiga, sai gwaji ya nuna Jagger ya kamu da korona. Aka ɗage. A daren nan ma'aikata suka kwance abin da ba a taɓa ba, an biya hayar fili da janareta da otal, ba a buga ganga ko sau ɗaya ba. Amsterdam ta samu gurbi ranar 7 ga Yuli, tsakanin Landan da Brussels. Bern ba ta samu ba, aka soke. Sabuwar rana tana buƙatar fili ya kasance babu kowa na kusan mako, ƙarfe ya kasance kusa, direbobi suna da sauran awanni, kuma a Yuli samun ukun nan tare yana da wuya. Aka ci gaba daga Milan ranar 21 ga Yuni, aka yi wasa 14 gaba ɗaya, na ƙarshe a Waldbühne ta Berlin ranar 3 ga Agusta. Wuri ne a cikin daji mai cin mutum kamar 22,000, da rufin dandamalinsa na dindindin, kuma a nan ne 'yan kallo suka farfasa kujeru bayan wasan wannan ƙungiya a Satumba 1965.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga motar kwanan ma'aikata: yadda ake rabon gado, abinci, da yadda Musulmi yake sallah da azumi a ƙasar da rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare.